Yadda Za Ka Yanke Hukunci Idan An Yi Saɓani a Kan Ƙa'idar Turanci

Duk wanda ya yi karatun boko ya san jan biro. Malami ya zagaye maka kalma, ko shugaba a ofis ya mayar maka da wasiƙa, ko wani ya tsinka ka a bainar jama'a ya ce Turancinka ya karye. Sau da yawa mai gyaran yana da gaskiya. Amma akwai wuraren da abin da aka zagaye ba kuskure ba ne, su kansu Turawan sun shafe shekaru ɗari biyu zuwa ɗari uku suna jayayya a kansa, manyan marubutansu kuma suna aikata shi ba tare da ko ɗar ba. Abin da yake damuna shi ne ɗalibi ba shi da ma'aunin rarrabewa. Sai ya ɗauki kowane gyara da nauyi ɗaya, ya ƙare ƙarfinsa wajen kauce wa abin da ba laifi ba ne, ainihin kurakuran da suke kayar da shi a jarrabawa kuwa suna nan ba a taɓa su ba. Wasu ma tsoro yake hana su buɗe baki gaba ɗaya.

Masana harshe suna da hanyoyi biyu na kallon nahawu. Akwai nahawun umarni, wanda yake cewa ka faɗi kaza, kada ka faɗi kaza. Akwai kuma nahawun siffantawa, wanda yake sauraron masu harshen, ya tattara abin da suke faɗa da abin da suke rubutawa, sa'annan ya fitar da ƙa'ida daga ciki. Wanda ya zauna a gaban malamin zaure ya karanci Ajrumiyya ko Alfiyyar Ibn Malik ba baƙo ba ne a wannan fage. Sibawaihi da malaman Basra da na Kufa ba daga kansu suka ƙago dokokin Larabci ba. Sun kafa hujja ne da Alƙur'ani da waƙoƙin Larabawa da abin da aka ji daga bakin mazauna ƙauye, shi ya sa har yau ake cewa wannan sama'i ne, wato an ji shi daga bakin Larabawa, wancan ƙiyasi ne, wato an auna shi ne a kan waninsa. Idan ƙiyasi ya ci karo da abin da aka ji daga bakin masu fasaha, abin da aka ji shi ake bi. Wannan jagora a kan wannan turba take. Ba tana nufin kowa ya faɗi abin da ya ga dama ba ne. Tana nufin kafin ka yarda da doka, ka nemi hujjarta.

Mataki na ɗaya: Ka kama ainihin wurin da ake jayayya

Rubuta jimlar a takarda, ka ja layi a ƙarƙashin kalmar da aka ce ita ce matsala, sa'annan ka rubuta gyaran da aka ba ka a ƙasanta. Idan mai gyaran ya ce kawai "ba a faɗin haka", roƙe shi ya faɗa maka yadda ake faɗa. Jayayya da yawa a nan take mutuwa, domin sai ka tarar ba nahawu ake magana a kai ba, a'a, ƙa'idar rubutu ce kamar "colour" da "color", ko zaɓin kalma, ko ma son zuciyar mai gyaran kawai.

Mataki na biyu: Ka jefa matsalar cikin ɗaya daga kaso uku

Kaso na farko shi ne kuskure na haƙiƙa, wato abin da ba za ka same shi a daidaitaccen Turancin kowace ƙasa ba. Misali "He have gone", ko "I didn't went", ko "She can be able to do it". Babu wata jayayya a kan waɗannan. Mai nahawun siffantawa da mai nahawun umarni duk bakinsu ɗaya, domin idan ka duba rubutun da ya bi ta hannun editoci a Landan ko a Legas ba za ka ga ana yinsu ba.

Kaso na biyu shi ne abin da yake daidai a wani wuri ko a wani yanayi, amma bai dace da wani ba. Ba'amurke zai ce "The committee has decided", Bature ɗan Ingila kuwa yana iya cewa "The committee have decided" idan yana kallon 'yan kwamitin a matsayin mutane ɗaiɗaiku. Ba'amurke yana cewa "gotten", ɗan Ingila yana cewa "got". "Who did you see?" magana ce ta yau da kullum, "Whom did you see?" kuma ta takardar hukuma ce. Mu ma muna da irin wannan. Basakkwace ya ce "rigatai", Bakano ya ce "rigarsa". Babu mai hankalin da zai ce Basakkwace bai iya Hausa ba, amma ɗalibin da yake rubuta jarrabawar Hausa ya san daidaitacciya ake so ya rubuta.

Kaso na uku shi ne dokar da wani mutum ya ƙirƙira, aka yi ta kwafa daga littafi zuwa littafi har ta zama kamar wahayi, alhali harshen bai taɓa binta ba. Wannan kaso shi ya fi jawo rigima, shi ne kuma zan fi daɗewa a kansa.

A wannan mataki hasashe kawai kake yi. Matakan da suke tafe su za su tabbatar maka ko su ƙaryata ka.

Mataki na uku: Ka buɗe ƙamus, ka karanta har da ƙananan rubutu

Yawancinmu ma'ana kawai muke dubawa mu rufe. Amfanin ƙamus irin Oxford Advanced Learner's Dictionary, wanda A. S. Hornby ya tsara musamman domin waɗanda Turanci ba harshen uwarsu ba ne, yana cikin alamomin da ke gefen kalma. Idan ka duba "equipment" za ka ga an nuna cewa suna ne da ba a ƙirgawa. Wannan kaɗai ya isa ya gaya maka cewa "equipments" ba za ta karɓu ba, haka ma "informations" da "furnitures" da "advices". Idan ka duba "discuss" ka karanta misalan da aka bayar, za ka ga karɓau, wato abin da ake tattaunawa a kai, yana biye da ita kai tsaye, babu "about" a tsakani. Ka lura da laƙabin da aka liƙa wa kalma. "Informal" na nufin ta hira ce, ba laifi ba ce. "Non-standard" na nufin ana faɗinta amma ba ta shiga daidaitaccen harshe ba. "Old-fashioned" na nufin ta tsufa. Akwai kuma laƙabin ƙasa, na Birtaniya da na Arewacin Amurka, har da na Afirka ta Yamma.

Abu ɗaya da ya kamata ka riƙe: samun kalma a ƙamus ba lasisi ba ne. Ƙamus na zamani rajista ce ta abin da ake faɗa. A 1961, da aka fitar da Webster's Third New International Dictionary ƙarƙashin Philip Gove, jaridun Amurka sun yi ca a kansa, musamman saboda sassaucin da ya nuna wa kalmar "ain't". Masu suka suna son ƙamus ya zama alƙali, shi kuwa Gove ya ɗauke shi a matsayin mai ba da shaida. Har yau "ain't" tana cikin ƙamus, har yau kuma ba a rubuta ta a takardar neman aiki.

Mataki na huɗu: Ka binciki asalin dokar

Idan ƙamus bai raba gardama ba, tambayi kanka: wa ya fara faɗin wannan doka, yaushe, kuma mene ne dalilinsa? Littafin da ya fi kowane taimako a nan shi ne Merriam-Webster's Dictionary of English Usage na 1989, wanda yake bin kowace jayayya tun daga tushenta, ya jero maka wanda ya hana da waɗanda suka aikata. Ga biyar daga cikin shahararrun, domin ka ga yadda binciken yake kasancewa.

Dokar da ta ce kada jimla ta ƙare da ƙananan kalmomin nan irin su "with" da "to" da "about", waɗanda ɗalibin Larabci zai kira haruffan jarri, ana danganta farkonta ga mawaƙi John Dryden, wanda a 1672 ya soki marubucin wasan kwaikwayo Ben Jonson a kan haka. Dryden mutum ne da ya sha Latin ya ƙoshi, a Latin kuma ba a barin irin wannan harafi shi kaɗai a ƙarshe. Robert Lowth, wanda daga baya ya zama Bishop na Landan, ya taɓo maganar a littafin nahawunsa na 1762. Abin lura shi ne bai haramta ba. Ya yarda cewa harshen Turanci ya karkata sosai ga wannan salo, ya ce dai a rubutu mai nauyi ɗaya salon ya fi kyau. Waɗanda suka biyo bayansa ne suka mayar da shawara ta zama doka. H. W. Fowler, a littafinsa na 1926, ya kira ta camfi. Gwada da kanka: "What are you talking about?" Juya ta zuwa "About what are you talking?" ka ji yadda ta sandare. Wasu jimlolin ma ba su juyuwa sam, kamar "The bed had not been slept in."

A nan akwai wani abu da ya shafe mu kai tsaye. Hausa ba ta barin "da" ita kaɗai a ƙarshe. Cewa muke "mutumin da na zo da shi", dole sai "shi" ya biyo baya. Saboda haka sai ka ga ɗalibi ya rubuta "the man I came with him". Wannan kam kuskure ne na kaso na farko, kuma gyaransa shi ne a cire "him", a bar "with" a ƙarshe, wato daidai abin da waccan doka take hanawa. Malamin da ya koya wa yaro tsoron ƙare jimla da "with" ya toshe masa hanyar gyara kuskurensa na gaske.

Ta biyu ita ce hana sanya kalma tsakanin "to" da aikatau, kamar "to fully understand". Ana samun wannan gini a Turanci tun ƙarni na 13. Wanda ya yayata sukar shi ne Henry Alford a littafinsa na 1864, hujjarsa kuma ita ce wai ba haka aka saba ba. Ka duba wannan jimla: "We expect prices to more than double." Babu inda za ka kai "more than" ma'ana ta tsira. A yau manyan littattafan salon rubutu, irin The Chicago Manual of Style, sun yarda da ita.

Ta uku ita ce "less" da "fewer". Ana koyar da cewa "fewer" ta abin ƙirgawa ce, "less" ta abin aunawa. Asalin wannan ra'ayin wani mutum ne mai suna Robert Baker a 1770, shi ma kuma a matsayin abin da ya fi masa daɗin ji ya faɗe shi. Amfani da "less" da abin ƙirgawa kuwa ya kai zamanin Sarki Alfred na Ingila, ƙarni na 9. Duk da haka, wannan doka ta kama ƙasa fiye da biyun farko. A rubutun hukuma "fewer students" ake tsammani, kuma ni ma ita nake ba da shawara. Amma a kan kuɗi da lokaci da nisa, "less" ce daidai: "less than five years", "less than ten kilometres". Wanda ya gyara maka waɗannan zuwa "fewer" ya wuce gona da iri.

Ta huɗu ita ce "they" a kan mutum ɗaya, kamar "Everyone should bring their pen." Ƙamus ɗin Oxford babba ya bi sawun wannan amfani har zuwa 1375. Ann Fisher, a nahawunta na 1745, ta ba da shawarar a yi amfani da "he" ya wakilci mace da namiji, Majalisar Birtaniya kuma ta zartar da doka a 1850 cewa a rubutun dokoki lafazin namiji ya haɗa da mace. Amma bakin jama'a bai taɓa barin "they" ba. A 2017 littafin salon kamfanin dillancin labarai na AP ya buɗe mata ƙofa a wasu wurare. Mai jin Hausa ba zai yi mamaki ba, domin mu ma jam'i muke yi wa mutum ɗaya idan muna girmama shi, mu ce "Baba sun fita", kuma ba wanda yake rikicewa. Sai dai ka yi hattara: tambayoyin zaɓi na jarrabawa a ƙasashenmu suna iya bin tsohuwar ƙa'ida, su nemi "his" ko "his or her". A ɗakin jarrabawa ba wurin kafa hujja ba ne. A rubutunka na kanka kuma, hanya mafi sauƙi ita ce ka mayar da jimlar jam'i gaba ɗaya: "All candidates should bring their pens."

Ta biyar ta bambanta da sauran, shi ya sa na ajiye ta a ƙarshe. Ita ce kore biyu a jimla ɗaya, kamar "I didn't see nobody." Lowth ya ce kore biyu suna rushe juna su koma tabbatarwa. Wannan dalili lissafi ne, ba harshe ba, domin Chaucer, tsohon mawaƙin Turanci, yana tara kore a jimla ɗaya, Faransanci yana yi, kuma babu wanda ya taɓa jin "I didn't see nobody" ya fahimci cewa mai maganar ya ga wani. To amma ga inda nahawun siffantawa yake nuna cewa ba sakaci ba ne: idan ka duba daidaitaccen rubutu na yau, ba za ka sami wannan gini ba, ya koma na karin harshe da waƙa da hirar unguwa. Dalilin da aka bayar gurgu ne, amma hukuncin ya tabbata a aikace. Kada ka rubuta shi.

Mataki na biyar: Ka je ka ƙirga da kanka

Da can sai manyan jami'o'i suke iya wannan, wato tara rubuce-rubuce masu yawa a ƙirga sau nawa wani gini ya fito a cikinsu. Randolph Quirk ya kafa cibiyar nazarin yadda ake amfani da Turanci a Landan a 1959, a Jami'ar Brown ta Amurka kuma aka tattara rumbun kalmomi miliyan 1 daga rubuce-rubucen 1961. Daga irin wannan aiki ne manyan littattafan nahawun siffantawa suka fito, na Quirk da abokan aikinsa a 1985, da na Rodney Huddleston da Geoffrey Pullum a 2002. Yau kuwa wayar hannunka ta isa.

Fara da Google Books Ngram Viewer, shafin intanet da yake ƙirga kalmomi a cikin littattafai, domin ya fi sauƙi kuma kyauta ne. A ce gardamar a kan abin da yake bin "different" ne. A akwatin bincike rubuta "different from,different to,different than", da waƙafi a tsakani, ba tare da alamar zance ba. Zaɓi shekaru, misali 1900 zuwa shekarar ƙarshe da ya ba ka. Daga nan zaɓi rumbun Turancin Birtaniya ka danna. Layuka uku masu launi za su fito. Sake yi da rumbun Amurka. Abin da za ka gani shi ne layin "different from" yana can sama nesa da sauran a duka biyun, "different to" ta fi motsi a Birtaniya, "different than" kuma a Amurka. Ka ga hukunci ya fito ba tare da ka tambayi kowa ba: dukkansu suna raye, amma "different from" ita ce ba za ta jawo maka magana a ko'ina ba.

Kada ka tsaya a kan layukan kawai. A ƙasan zanen akwai wurin da za ka danna ka ga ainihin jimlolin. Wannan wajibi ne, domin na'ura ba ta san ma'ana ba. Jimla irin "It looks different to me" za ta shiga lissafin "different to", alhali wani gini ne daban. Haka idan ka nemi "discuss about" za ka sami wasu, amma da ka karanta sai ka ga da yawa daga littattafan da ba su sami edita mai kyau ba ne, ko kuma jimla ce irin "nothing to discuss about it". Karanta jimloli goma sha biyar ko ashirin, ka duba wa ya rubuta, a ina aka buga.

Idan kana son zurfafawa, akwai rumbunan da Mark Davies ya tsara. COCA na Turancin Amurka ne, yana da kalmomi sama da biliyan 1, kuma yana raba maka sakamako gida-gida: magana, jarida, ƙagaggen labari, rubutun jami'a. Wannan rabo shi yake nuna maka ko gini na hira ne ko na takarda. British National Corpus, wanda shi ba Davies ne ya tara shi ba, yana da kalmomi miliyan 100 na Birtaniya. Wanda ya fi amfani gare mu shi ne GloWbE, mai kalmomi kusan biliyan 1.9 daga shafukan intanet na ƙasashe 20, ciki har da Najeriya da Gana. Kana rubuta kalma zai jera maka ƙasashen a layi ɗaya, ka ga inda ta fi yawa. Rajista ake yi, kuma akwai iyakar binciken da ake ba mutum kyauta a rana, don haka ka tara tambayoyinka kafin ka shiga.

Mataki na shida: Idan abin na Turancin Najeriya ne

Wani lokaci binciken zai nuna maka cewa ginin ya yi yawa a Najeriya da Gana, ya yi ƙaranci a sauran wurare. To a nan sai a yi hattara da ɓangarori biyu, masu cewa duk abin da Bature bai faɗa ba shara ne, da masu cewa duk abin da muka faɗa daidai ne.

A Janairun 2020 ƙamus ɗin Oxford babba ya shigar da kalmomi da maganganu 29 na Turancin Najeriya, ciki har da "okada" da "danfo" da "next tomorrow" da "Kannywood", har da "severally" da ma'anar da muke ba ta, wato sau da yawa. Kalmomin da suke kiran abin da muke da shi wanda su ba su da shi, babu dalilin jin kunyarsu. Haka "Well done" da muke ce wa mai aiki a madadin sannu da aiki, da "Sorry" da muke ce wa wanda ya yi tuntuɓe ko da ba mu muka jawo ba. Waɗannan ladabinmu ne ya shiga Turanci, kuma a tsakaninmu sun fi duk wata gaisuwar Ingila isar da saƙo.

Ma'aunin da nake amfani da shi shi ne fahimta. "I am coming" a bakin mai fita, wato ina zuwa, ɗan Najeriya ya gane, baƙo kuwa zai tsaya yana kallon mutumin da ya ce yana zuwa alhali tafiya yake yi. "Borrow me your pen" ta samo asali ne daga yadda aro yake tafiya ta fuska biyu a harsunanmu, amma a daidaitaccen Turanci mai bayarwa "lend" yake yi, kuma ko a Najeriya mai duba jarrabawa zai soke ta. "Severally" ta fi haɗari, domin a harshen lauyoyi ma'anarta kowa a kan kansa, kamar a "jointly and severally". Ka sa ta a yarjejeniya da ma'anar sau da yawa, ka canza abin da aka sa wa hannu.

Mataki na bakwai: Ka dubi wanda zai karanta, ka yanke

Yanzu kana da hujja a hannu. Saura tambaya ɗaya: wa kake rubuta wa, kuma mene ne za ka rasa idan ya ɗauka ka yi kuskure?

Idan jarrabawar WAEC ce ko NECO ko JAMB, bi salon da ya fi tsauri, ka karkata ga na Birtaniya. Idan IELTS ce, wato jarrabawar Turanci ta ƙasa da ƙasa, ana karɓar rubutun Birtaniya da na Amurka, amma ka riƙe ɗaya daga farko har ƙarshe. Idan mujallar ilimi ce ko gidan jarida, nemi littafin salonsu, shi ne doka a gidan. Editocin Amurka, alal misali, suna dagewa a kan "that" a jimla irin "the book that I bought", su ware "which" ga bayanin ƙari mai waƙafi, shawarar da Fowler ya bayar, alhali marubutan Birtaniya suna sa "which" a duka biyun ba tare da damuwa ba.

Ga yadda nake hukunta waɗanda aka fi tambaya. Fara jimla da "And" ko "But" halal ne, fassarar Baibul ta Turanci ta 1611 cike take da shi, sai dai kada ya yi yawa. "It is me" ita ce maganar mutane, "It is I" ta zama ta wasan kwaikwayo. "None of them are" da "None of them is" duka tsofaffi ne kuma karɓaɓɓu. "Data is" ta zauna a rubutun yau da kullum, amma a kundin bincike na kimiyya "data are" ta fi aminci. "Whom" dole ce idan harafin jarri yana gabanta kai tsaye, kamar "to whom", a sauran wurare kuma idan kana shakka "who" ta fi sauƙin yafewa, domin "whom" a inda ba ta dace ba ta fi muni. Gwajinta shi ne ka amsa tambayar: idan amsar "him" ce, "whom" ta halatta, idan "he" ce, ba ta halatta ba. "Between you and I" kuwa, ko da yake Shakespeare ya rubuta ta, masu karatu da yawa suna ɗaukarta kuskure, kuma "between you and me" ba ta da wani aibi, don haka babu ribar da za ka ci a ɗaukar ta farkon.

Akwai wata dabara kuma da mutane suke mantawa da ita, wato sake gina jimlar yadda rigimar ba za ta taso ba. Amma ka yi hakan ne kawai idan sabuwar jimlar ba ta fi tsohuwar nauyi ba. Idan kauce wa jayayya zai sa ka rubuta abin da ba ya karantuwa, bar ta yadda take.

Idan mai duba kundinka ko shugabanka ya dage a kan dokar da ka tabbatar ta kaso na uku ce, duba ko gyaransa ya taɓa ma'ana. Idan bai taɓa ba, yi masa yadda yake so, domin sa hannunsa kake nema kuma ba abin da ka rasa. Idan ya taɓa, kamar a misalin "to more than double", kai masa shafin littafin ko hoton sakamakon rumbu a keɓe, ba a gaban mutane ba, ka ce, "Ranka ya daɗe, na ga wannan ne, ina so a duba mini ko na fahimce shi daidai." Idan kuma kai ne mai riƙe da jan biron, yi amfani da alama biyu a takardun ɗalibanka: zagaye ga kuskuren kaso na farko wanda ake rage maki a kansa, layi mai lanƙwasa ga abin da yake na salo ko na saɓani, tare da gajeren bayani a gefe na inda ya dace da inda bai dace ba.